Kwaɗon da Na Yi wa Labo na Gangara

Jiya wani jikan ƙanena, mai injin yankan makulli a bakin tashar Gazawa, ya dubi tsabar idona ya ce wai sana'armu ba ta da wata wuya, yaro ma in an nuna masa da safe kafin azahar ya ƙware. Abokansa suna gefe bisa babura suna gyaɗa kai kamar an yi wa'azi. Ban tanka masa ba, don bakina da goro. Yau da na tofar, sai ku zauna ku ji, ku da kuke kiran kanku masu gyaran kwaɗo alhali ko cikin kwaɗo ba ku taɓa leƙawa ba. Abin da kuka iya shi ne a kawo makulli, ku ɗaure shi gefen wani, inji ya yi kuka, ku miƙa hannu. Ranar da wuta ta ɗauke, sai hira da shayi. Wanda ya kawo makullin ma ba ku tambayarsa na wace ƙofa ne, ko na ɗakin maƙwabcinsa ne, ku dai a yanka. In kuwa aka kawo muku kwaɗon da makullinsa ya ɓata, sai ku ɗauko guduma. Wallahi ɓarawo ya fi ku ladabi da kwaɗo.

Zan ba ku labarin kwaɗo guda da na yi wa wani manomi a Gangara, wanda na sha zagi a kansa rani guda cur. Amma ba za ku gane shi ba sai kun ji inda na koyi aikin.

Ni ba ɗan gidan ƙira ba ne. Kakannina fatake ne da suka ƙetaro daga kudu, ubana kuma ɗan koli. Da ya gaji da yadda nake kwance masa kwaɗon adakarsa da tsinke, sai ya kama hannuna ya kai ni Tibiri wurin wani maƙeri, Baba Nomau. Gajere ne, Bagobiri, kunnensa ɗaya ba ya ji, shi ya sa kullum magana yake kamar yana kiran wani a bayan gari. Da damina yana ƙera hauya da kwashe, da rani yana yin kwaɗo. Na daɗe a gidan ban taɓa kwaɗo ba. Aikina zuga-zugi, da ɗebo gawayin ƙirya, da riƙe ƙarfe da awartaki yana duka da masaba tartsatsi na cin ƙafata. Da ya ga ban gudu ba, sai ya ba ni magagari da guntun ƙarfe, ya ce in goge shi ya kwanta sumul. Na goga har tafin hannuna ya yi kanta. In na kai masa, sai ya ɗaga shi wajen rana, ya rufe ido ɗaya.

"Sanda, mi kaka yi haka? Ƙarhe kaka goga, ko susa kaka mai?"

Sai ya jefa mini shi in sake.

Makullin farko da na yi ba tare da ganin na asali ba, na wata mata ce daga Gidan Sori. Akwatin uwarta da ta rasu ne, an nemi makulli an rasa, ita kuma ta ce ba za a fasa shi ba. Ga yadda ake yi, tunda ba ku sani ba. Za ka ƙera makulli marar haƙori, ka riƙe bakinsa a kan fitilar aci-bal-bal har hayaƙi ya yi masa baƙi ƙirin. Ka sa shi a hankali, ka murɗa kaɗan har ka ji ya toge, ka zaro. Inda baƙin ya goge, nan ƙarfen ciki ya taɓa shi, nan za ka ci da magagari, kaɗan, ba kamar mai sarar itace ba. Ka sake yi masa baƙi, ka sake sawa. Haka za ka yi ta yi, kwaɗon na gaya maka kamannin cikinsa sannu sannu. Ni kuwa rawar kai ta ɗebe ni, na ci ƙarfe fiye da kima, makulli ya shiga yana juyi kamar muciya a tukunya ba ya buɗe komai. Baba Nomau ya yi wa matar nata da hannunsa. Nawa kuma ya sa masa igiya ya rataya mini a wuya, na yi ta yawo da shi a kasuwar Tibiri, duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Makullin iska na, yarona yay yi shi."

Akwai wata ɗabi'a tasa da ban ga wani maƙeri na yi ba, na kuma ɗauke ta har na daina aiki. In ya gama ƙera kwaɗo, ya gwada makulli ya ga daidai, kafin ya rufe cikin sai ya kara faifan ƙarfen a kan fitila ya yi masa baƙi. Daga nan ya haɗa, ya dake kan ƙusoshin, ba ya ƙara sa makulli a ciki. Irin kwaɗon nan ne mai kama kansa in an danna, ba sai an kulle da makulli ba. Amfanin baƙin shi ne, duk abin da ya shiga kwaɗon sai ya bar sawu. Makullin gaskiya yana barin layi mai lanƙwasa, ƙusa ko tsinken ɓarawo kuma sai ka ga karce barkatai kamar kaza ta yi tono. Sau da yawa mutum zai zo yana kumfar baki wai an buɗe masa akwati, Baba ya yanke ƙusoshi ya duba, ya ce masa ya je ya tuna inda ya kai kayansa da kansa.

Lokacin da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, na riga na kafa rumfata a Gazawa, ina cin kasuwar Gangara da ta Agiye a kan jaki. Aiki ya samu, ba laifi. Turawa suna tattara komatsansu, wasu sun tafi da makullai a aljihu, sabbin masu buro, wato ofis, sun gaji kujeru da akwatunan ƙarfe a kulle. An taɓa kai ni in buɗe wani babban akwati, manya sun kewaye ni suna numfashi a ƙeyata, kowa na jiran ya ga dukiyar da Nasara ya ɓoye. Da ya buɗe, tsofaffin takalma ne ƙafa guda da kwalaben da ba komai a ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi a shekarun nan shi ne makulli ya zama kayan ado. Duk wanda aka ba ɗan muƙami, sai ya rataya makullai a ƙugu yana tafe suna kacau-kacau. Wani da aka ɗauka aikin share buro ya zo rumfata ya ce in yi masa makullai manya.

Na ce, "Na wane kwaɗo?"

Ya ce, "Kai dai yi mani, masu ƙara nika so."

Na yi masa, me zai hana? Ɗakinsa ko ƙyaure babu, asabari ne a ƙofar. A daidai lokacin ne kuma kwaɗunan kanti suka fara shigowa daga kudu, masu walƙiya, ga arha. Makulli ɗaya sai ya buɗe rabin na cikin kwali, wasu ma in ka yi atishawa kusa da su sai su saki. Mutane suka raja'a a kansu, saboda suna sheƙi nawa kuma baƙaƙe ne masu nauyi. Irinsu ne kuke rataye da su yanzu a rumfunanku kuna kiran su kaya.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba muka yi mummunar shekara. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ya yi ciki, abin da ya tsira kuma fara ta bi ta kansa. Kada ku ce mai kwaɗo yana kuka a irin wannan shekara. Nan ne aikinsa yake, kuma ba aikin alfahari ba ne. Gidajen da tun kakanni ba a taɓa kulle komai ba suka fara nemana. Wa yana kulle wa ƙane, ƙane yana kulle wa wa, kowa yana zuwa a ɓoye yana cewa in rufa masa asiri.

Bayan an gama ɗan girbin da aka samu, sai ga wani mutum ya ɗauro tanon mai a kan jaki, irin wanda mutanen kudu ke ce wa duro, ya sauke a gaban rumfata. Labo ke nan, manomi daga Gangara, dogo, mai ƙarancin magana. Na san shi sama-sama a kasuwa. Ya jira har mutane suka watse, sannan ya tsuguna kusa da maƙera.

Ya ce, "Maƙeri, marhi nika so ka yi ma wanga tano, da kwaɗon da gatari bai karya shi. Iri za ni zubawa."

Na ce, "Ɓarayi sun dame ku a Gangara?"

Ya ce, "Ba ɓarawo ba ne. Inna ce."

Na ajiye guduma. Ya yi mini bayani kansa a sunkuye. Abin da ke rumbunsa ba zai kai su bazara ba, ya auna ya gani. Uwarsa, Gwamma, tsohuwa ce mai buɗaɗɗen hannu, ba ta iya jin kukan jika, ba ta iya ganin baƙo ya fita da ƙwarya wofi. Ranar da rumbu ya ƙare, za ta ce a taɓa iri, shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa ce mata a'a ba, ba kuma zai fara da furfura a gemu ba. Ya ga yadda aka yi a gidansu yana yaro: aka cinye iri, ruwa ya sauka babu abin shukawa, ubansa ya jinginar da babbar gonarsu don ya samu, gonar ba ta dawo ba har yau. Wadda ta rage ita ce yake nomawa, in ta tafi ba su da wata.

"Don haka kai za ka riƙe makulli. Gaban kowa za ni ba ka. Ko da kuka niz zo, kada ka ba ni sai ruwan shuka ya sauka."

Na ce masa kwaɗona ba ya fita sai da makulli biyu, haka aka koya mini. In riƙe duka?

Can ya ce, "Ka ba ni guda. In na ga rai zai hita, ba ni jiran a je Gazawa. Amma ni da kai da Allah. Kowa ya san guda ɗai ne."

Na amsa da to, a sauƙaƙe, kamar wanda aka ce ya riƙe akuya a je a dawo.

Tanon nan na ba shi haƙƙinsa. Na cika shi da ruwa na zubar, na ƙona cikinsa da kara, na goge da toka da yashi har warin mai ya fita, don iri ba ya son wari. Na yanke samansa da kurfin sarar ƙarfe, na dake bakin don kada ya yanki hannu. Marfin daga gindin wani tano na fitar da shi, na lanƙwasa gefensa ya rufo bakin yadda ko wuƙa ba za ta samu wurin shiga ba. Mahaɗin marfin na dake shi ta ciki. Jikin kwaɗon daga ƙarfen tsohuwar motar gyaɗa na yanka, mai kauri. Harshen ciki, wanda makulli ke turawa kwaɗo ya saki, shi ya fi cin lokaci, don in ka ba shi ruwa da zafi da yawa zai karye, in kaɗan kuma zai lanƙwashe ya ƙi dawowa. Na yi shi yadda makulli zai yi tafiyar rabin zagaye a banza kafin ya taɓa harshen, daga nan sai an ƙara ƙarfi kaɗan ya buɗe. Na gwada makullan biyu, na yi wa cikin baƙi, na dake.

A tsakar gidan Labo aka zuba irin, gaban uwarsa da matarsa da 'ya'yansa da maƙwabta. Hatsin da ya zaɓo daga zangarniyoyi masu kyau, wake an cuɗa da toka, gyaɗa da ɓawonta a buhu. Ya danna kwaɗo ya ce ƙaras, ya miƙo mini makulli ya maimaita maganarsa da ƙarfi yadda na bayan danga ma zai ji. Gwamma tana zaune tana kaɗi, ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan da wauta yake. Wa zai ci mai iri?" Har fura ta dama mini a ranar. Ɗaya makullin yana ɗaure a tsumma cikin mazagin wandonsa, ni kaɗai na sani.

Sanyi ya wuce lafiya. Da zafi ya shigo sai rumbuna suka fara ƙara in an ƙwanƙwasa. Mata suka shiga daji neman anza da ganye, dusa ta zama abinci, masu ƙarfi suka nufi iyaka neman garin rogo. Labo ya sayar da awakinsa, ya sayar da jakin da ya kawo tanon. Wata ranar kasuwar Gangara ina zaune na baza kayana, sai ga shi ya tsaya a kaina, ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

Ya ɗaga murya ya ce, "Maƙeri, Inna ta ce ka ba ni makulli. Don Allah, don Annabi."

Na dubi ƙugunsa, na dubi fuskarsa. Idonsa jawur, yana kallona kamar mai roƙon kada in ba shi. Na ce, "Ruwa ya sauka?"

"Ɗiyana ba su ci ba tun jiya!"

"Ba ni ba ka."

Nan fa ya buɗe baki. Mutumin da ba a san shi da magana ba, ranar ya zage ni tas, ya haɗa da kakannina da suka zo daga kudu. Kasuwa ta taru. Wani mai sayar da igiya ya ce in ji tsoron Allah, wata mai ƙosai ta tofar da yawu. Ni kuwa na ci gaba da goga makullin da ke hannuna. Ya koma gida ya ce wa uwarsa maƙeri ya hana.

Ba sau ɗaya ya yi haka ba. Duk lokacin da tsohuwa ta matsa, sai ya tako har inda nake, ya roƙa, ya zaga, ya koma. Ta ce a kira maƙerin Gangara ya yanke, maƙerin kuwa ya ce maƙeri ba ya karya aikin ɗan'uwansa yana raye. Ta ce Labo ya sa gatari, ya sa a gabanta, ya yi ta dukan kwaɗon har bakin gatarin ya ɓare, kwaɗo ko gezau. Wannan kam na ji daɗinsa da labari ya iso ni, ba zan ɓoye ba.

Amma sauran babu daɗi. Magana ta zaga har Agiye cewa Sanda mai kwaɗo ya riƙe abincin yara. Wasu suka ƙara gishiri, wai na riga na haɗa baki da 'yan kasuwar gyaɗa za mu sayar da irin. Matata ta daina zuwa rijiya sai an watse. Masu kawo mini aiki suka ja baya, suka koma wa kwaɗunan kanti, a shekarar da nima abin da na samu ranar shi za mu ci. Na ji haushin Labo ƙwarai, har na riƙa raya yadda zan tashi a tsakiyar kasuwa in ce a kwance mazagin wandonsa a gani. Kalma guda ce za ta wanke ni, tana kan harshena kullum.

Ranar da ta fi kowace rana wuya, Gwamma ce ta zo da kanta. An ara mata jaki, ta goyo ƙaramar jikarta, Hajo, har Gazawa da tsakar rana. Ta kwance yarinyar ta zaunar da ita gaban maƙerata. Ƙafafunta kamar sillen kara, gashin kanta ya yi ja.

Ta ce, "Ɗan nan, dube ta. A'a, kada ka dubi ƙarhe, ita za ka duba."

Na duba. Na sa aka kawo furar da aka ajiye mini, na miƙa. Ta ba yarinyar, ita ko kurɓa ba ta yi ba. Sai kawai tsohuwar nan, sa'ar uwata, ta durƙusa a cikin toka da gawayi.

"Ɗana ya bi maganata, kai ne kaƙ ƙi. Mi munka yi maka? Mudu guda ɗai za mu ɗiba."

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In na ba ta makullin, mudu guda zai zama biyu, maƙwabta su ji an buɗe, kafin mako tano ya koma ganga. In kuwa na ce ɗanki yana da nasa, na kashe su duka biyu: iri ya tafi, kuma ta san ɗan da take yabo ya yi wata da watanni yana yi mata ƙarya, ta yiwu ta ɗaga masa nono a cikin fushi. Abu guda na riƙe: Labo shi yake kwana da yarinyar nan yana tashi da ita, makulli kuma yana jikinsa. In ta kai ga rai, ya fi ni sani.

Na ce, "Inna, ki tashi. Amana ce, sai ruwa ya sauka."

Ta tashi ta kakkaɓe gwiwoyinta, ta goya jikarta. Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ranar ban ƙara taɓa aiki ba, na rufe rumfa na tafi gida.

To ku gaya mini, ku masu inji, a wane gefen injin ake koyon wannan kafin azahar?

Ruwan ya yi jinkiri, hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Da ya tashi zuwa kuwa ya zo da gaske. Da safe na tona ƙasa da hannu na ga laima ta wuce tsawon yatsu, na ɗaura wa jaki akumari na kama hanyar Gangara. Na tarar da gidan cike. Labo yana tsaye da sungumi a kafaɗa, Hajo tana zaune a gindin danga tana tsotsar wani abu, da ranta. Babu wanda ya amsa sallamata da kirki. Na sa makulli na murɗa, kwaɗo ya saki, na ɗaga marfi. Iri yana nan yadda aka zuba shi, ko ƙwaro bai taɓa ba.

Gwamma ta zo ta nutsa hannunta cikin hatsin har wuyan hannu, ta daɗe a haka. Ba ta dube ni ba. Ta cika ƙoƙo ta ce wa surukarta su tafi gona rana na yi. Sai ga maƙwabta, waɗanda suka cinye nasu tun tuni, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya da 'yan ƙoƙuna a bayan riga. Har mai igiyar nan da ya ce in ji tsoron Allah na gani a layi, yana kallon sama kamar bai san ni ba. Labo ya ɗan ɗiba wa kowa, ya wuce gona yana sara, mata na bin sa suna zubawa suna takewa. Ko sannu bai ce mini ba, gaban uwarsa ba zai iya ba. Na cire kwaɗon na ce zan kai shi in sa masa mai.

An yi damina mai kyau, gonar ba ta je hannun kowa ba. Da kaka na tashi na tarar da damin hatsi a jingine a rumfata, ba a ce daga wa ba, ban tambaya ba. Ni da Labo mun ci gaba da gaisawa a kasuwa har ya tsufa ya rasu, ba mu taɓa tayar da maganar ba. Gwamma kuwa ta rayu shekaru bayan haka, ta ci tuwon gonar nan har ta gaji, amma ko sau ɗaya ba ta ƙara amsa gaisuwata ba. Ta koma ga Allah tana ganin ɗanta mai biyayya ne, ni kuma marar imani. Na bar ta a haka, kuma da a ce tana raye da yau ma ba ku ji wannan labari ba.

Saura kwaɗon. Ranar da na dawo da shi daga Gangara, na zauna na yanke ƙusoshin, ba don mai ba, don in ga abin da baƙin zai ce. Na ɗauka zan ga layi guda, nawa na safiyar nan, tunda iri bai ragu ba. Da na raba faifan na kai shi wajen haske, sai na ga wani abu daban. Daga bakin ramin makulli har zuwa rabin zagaye, baƙin ya goge ƙarƙaf, ƙarfen yana sheƙi kamar an wanke shi da toka. Makulli ɗaya ko goma ba sa yin haka. A jikin harshen ma akwai ɗan tabo mai haske, inda makulli ya sha zuwa ya jingina. Daga nan zuwa gaba kuwa baƙi ne ƙirin, sai siririn layi guda ɗaya tak, wanda na yi da hannuna.

Ashe duk ranakun nan da nake ganin ni kaɗai ake gasawa, mutumin nan yana zuwa gaban tanon in ba kowa, ya kwance mazagi, ya sa makulli, ya murɗa har ya ji harshen ya taɓa, ga kukan 'ya'yansa a kunne, saura ɗan ƙarfi kaɗan ya buɗe, sai ya mayar ya zare. Haushinsa da nake ji ya fita daga raina a wurin, na zauna na daɗe ban hura wuta ba.

Na ƙera masa wani kwaɗon na aika, wannan na riƙe. Ga shi nan a cikin tsumma. Kai mai inji, matso, kai da ka ce kafin azahar. Kai shi wajen haske ka duba da kyau. Ka riƙe shi ta gefe, kada ka sa mini yatsa a ciki.